Katin Genzo Mai Awara

A mujallar manga, wato ta labaran zane na Japan, wurin da aka ajiye labarinka shi ne matsayinka. Wanda masu karatu ke so yana gaba, har da shafi mai launi. Wanda suka gaji da shi yana can baya, kusa da tallan maganin rage ƙiba. Ba a faɗa maka da baki, kai za ka duba ka gane. Wata biyu a jere, labarin Chizuru, 'yar abokina Genzo mai awara, shi ne na ƙarshe.

Abin da ke tsara wannan jeri kati ne. Kowace mujalla tana da guda ɗaya a liƙe a tsakiya. Mai karatu ya yage shi, ya rubuta labarai uku da suka fi burge shi a wannan watan, ya faɗi dalili a layukan da ke ƙasa, ya manna kan sarki ya jefa a akwatin gidan waya. Edita ya tara ya ƙirga. Na Chizuru ya riga ya gaya mata cewa idan katunan wannan watan ba su gyaru ba, za a ba ta babi biyu ta naɗe labarin. Ita kuma ta gaya wa mahaifiyarta Tokiko a waya cewa idan haka ta faru ta ajiye alƙalami. Shekararta talatin da huɗu. Goma daga ciki ta yi su a Tokyo tana zana wa wasu tagogi da gajimare a bayan jarumansu, kuma wannan ne labari na farko mai ɗauke da sunanta.

Ni mai aski ne a layin kasuwarmu a Kiryu. Ina ɗan shekara sha biyar na bar makaranta, sauran abin da na sani daga tsofaffin littattafai na tsinto shi. Ina da doka guda a shagona: ba na ɗora littafi a kantar masu jiran aski sai na karanta shi daga bango zuwa bango. Wannan dokar ta sa na karanta labaran soyayya fiye da duk wata 'yar sakandare a garin nan, kuma zan faɗi gaskiya, yawancin na yanzu ba su da kan gado. Saurayi ya tsare yarinya a jikin bango ya buga tafinsa kusa da kunnenta, wai wannan ƙauna ce. A wurina rashin tarbiyya ne. Wata yarinyar kuma mota ta buge ta, ta farka a wata duniya ta zama gimbiya, sarakuna huɗu suna binta, ba ta ko tuna da iyayen da ta bari suna kuka. Ba mai zuwa aiki, ba mai wanke kwano. Rigimar da jimla ɗaya za ta kashe sai a ja ta littafi tara. Amma akwai masu kyau a ciki, kuma wanda ya ce babu bai karanta ba. A bara na karanta na wasu ma'aurata masu kiwon zuma, ba a taɓa furta kalmar so a cikinsa ba, sai dai ka ga mijin yana ɗumama mata takalmi a gaban murhu kafin ta fita. Wannan na sa shi a sahun gaba na kanta.

Ranar Litinin masu aski ba sa buɗewa. Ina wasa reza da hantsi sai na ji ƙarar amalanke a ƙofar baya. Genzo ne, tawul ɗaure a ka, da takalman roba na aiki, ya lodo mujallar wannan watan har guda talatin, kowace kaurinta kamar bulo. Ya ce ya zagaye shagunan littattafai huɗu da kantuna shida kafin ya haɗa su. Ya zaro takardar kan sarki daga aljihu ya shimfiɗa a kan teburin madubi.

Shirinsa shi ne ni in rubuta sha biyar, shi ya rubuta sha biyar. Ya ce ni na iya sauya hannu, kuma na san sunayen mutane da adireshinsu tunda duk garin nan a hannuna suke aski. Zai hau keke ya rarraba katunan a akwatuna daban-daban har zuwa garin da ke gaba, don kada a gane.

Na ce masa ba zan yi ba.

"Kai Buchi," ya ce, don tun muna yara haka yake yanke sunana Iwabuchi, "shekara hamsin muna tare ban taɓa roƙonka komai ba."

"Ka roƙe ni babur, ka dawo da shi ba madubi."

"Wannan tsohon zance ne. Yarinyar nan kai ka yi mata askin farko."

Na ce ai shi ya sa. Kati shaida ce. Ana tambayar mutum me ya gani, me ya ji. Idan na rubuta da sunan Malam Hoshino mai gyaran agogo cewa ya yi kuka a shafi na ashirin, na yi wa Hoshino ƙarya, na yi wa edita ƙarya, na kuma yi wa Chizuru wadda ta fi muni, don za ta ɗauka akwai mutum talatin da ke son abin da take yi a yadda take yin sa. Bayan haka akwai wata 'yar wani da labarinta ke gaban nata da shafi ɗaya, ita ma tana da uba.

Ya ce in riƙe wa'azina, ya ja kujera ya fara cika nasa. Na leƙa ta kafaɗarsa. Ya sa labarin 'yarsa a lamba ɗaya, ya bar biyu da uku fayau, a ƙasa ya rubuta: Yana da daɗi ƙwarai. Ya ɗauki na biyu ya rubuta: Yana da daɗi sosai. Hannunsa kuwa duk garin an san shi, shi ne dai na allon da ke ƙofar shagonsa, manyan baƙaƙe masu karkata kamar iska na kaɗa su.

Na tambaye shi mene ne mai daɗin. Ya ce duka. Na ce to yaya sunan saurayin da ke cikin labarin? Ya hau gyara tawul. Na ce wace sana'a yake yi?

Nan na gane cewa babi sha ɗaya sun fito, wata sha ɗaya, Genzo bai buɗe ko ɗaya ba. Yana sayen mujallar duk wata, yana ɗora ta a kan kantar da hoton iyayensa yake, da zaren ɗaurinta ba a kwance ba. Da na matsa masa sai ya faɗi dalili, idonsa a kan takalminsa.

"Labarin soyayya ne fa. Idan na buɗe na tarar ta zana mutane suna sumba, da wane ido zan kalle ta idan ta zo hutun sabuwar shekara? A ina ta koya?"

"Shekararta talatin da huɗu, Gen."

"Na sani, ina wurin aka haife ta."

Na gaya masa cewa ni na karanta duka, kuma ina aika kati ɗaya duk wata da sunana. Wata shida na farko na sa ta a lamba ɗaya don ta cancanta. Daga nan na sa ta a uku. Watan jiya ban sa ta ba sam. Ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi, ya kira ni maci amana, ya ce daga yau gara ya bar gashinsa ya kai gwiwa da ya sake zama a gabana. Na ce gashin da ya rage masa ko shekara goma aka ba shi ba zai kai kunne ba. Na kuma gaya masa dalilina. Zanenta ya fi na kowa a mujallar. Tana zana hannun mai aiki yadda yake, da kanta da tsagewar sanyi. Amma labarin ya tsaya cak. Saurayin yana son yarinyar, yarinyar ta sani, mai karatu ya sani, karen unguwa ma ya sani, kuma babi biyar ke nan ana tsaye a gada ana kallon ruwa. Mai karatu ba ya gudu don an ɓata masa rai, yana gudu ne idan aka bar shi a tsaye.

Sai na yi masa tayi. Ya zauna ya karanta babi sha ɗayan nan a gabana. Idan ya gama, zan taimaka masa mu raba mujallun ga mutanen da za su karanta da kansu su rubuta abin da suka ga dama. Ya ce ba shi da lokaci. Na ce waken gobe sai la'asar yake jiƙa shi, na san aikinsa. Na sauko da tsofaffin fitowar daga kanta, na jera su a kan teburin, na nuna masa kujerar aski don ita ce mai wurin jingina kai.

Ya fara kamar mai taɓa garwashi. Yakan buɗe shafi kaɗan ya leƙa ta gefe kafin ya buɗe shi duka. A shafi na shida ya ɗago ya ce ashe yaron a shagon awara yake aiki. Na ce haka ne. Ya ce tukunyar nan irin tasa ce, har da lanƙwasar da ke bakinta. Ya gyara tabarau, ya daina leƙe. Ni na koma kan rezata.

Yana cikin babi na biyu na ji numfashinsa ya sauya.

"Buchi, zo ka ga wannan."

Na duba. Saurayin ne tsaye a kan tukunya, tururi ya rufe rabin fuskarsa, yana tunanin yarinyar. Na ce zane ne mai kyau. Ya ce in buɗe idona da kyau. Madarar waken tana tafasa a kan wuta, ga kumfa nan ta zana, shi kuma sakaran yana juye ruwan ɗaci a ciki gaba ɗaya, yana juyawa kamar mai dama siminti. Ya ce ruwan ɗacin nan shi ke sa madara ta kama ta zama awara, kuma ba a zuba shi sai an sauke ta huce kaɗan. A zuba a hankali, a ja muciya sau biyu, a tsayar da ita a tsakiya har madarar ta natsu, a rufe. Abin da yaron nan ya yi ba awara zai ba shi ba, tsakuwa zai kwashe. Na amsa masa cewa sau biyu na karanta wannan babin ban ga komai ba, kuma gaskiya ce, mai aski bai san wannan ba.

Daga nan ba a ƙara maganar kunya ba. Ya bi babi na uku da na huɗu da sauri yana neman tukunya. A na biyar ya same ta, an sake yin haka. A na takwas ma haka, har da babban zane mai cin shafi guda. Ya ce yarinyar da ta koyi tafiya tana dafa wannan tukunyar, wadda tun tana aji uku take tsayar masa da muciya, ita ce za ta nuna wa ƙasa duka cewa haka ake yi a gidansu na Kuramochi. Sumbar da yake tsoro tana babi na bakwai, a goshi, kuma ya wuce ta bai ko lura ba, don a bayansu akwai buhun wake a ajiye a ƙasa mai laima.

Amma labarin ma ya kama shi, ko da yake bai yarda ba. A babi na tara na ji yana cewa, "Yi magana mana, ɗan banza, jirginta ƙarfe huɗu ne." A na sha ɗaya ya rufe mujallar da ƙarfi ya ce wannan yaron ba ya da uban gida, shi ya sa. Da akwai babba a shagon nan da ya ƙwace muciyar ya kore shi zuwa tasha.

Ya yage katunan biyu da ya fara cikawa, ya ciro sabo, ya ce in ba shi alƙalamina mai siririn baki. Layukan da aka tanada huɗu ne. Ya cika su, ya bi gefen katin, ya juya shi ya hau ɗaya gefen, baƙaƙen suna ƙanƙancewa kamar tururuwa. Ya yi bayanin ruwan ɗaci daki-daki, ya yi maganar buhun wake, ya ce saurayin rago ne amma zuciyarsa ba ta da mugunta, a nemo wanda zai tsawata masa. A wurin labarai uku ya tsaya. Ya ce tunda an ce uku, sai ya ga sauran. Ya ƙara awa ɗaya yana karanta mujallar wannan watan, yana tsaki. A ƙarshe ya sa na wasu 'yan mata masu wasan ƙwallon tebur a lamba ɗaya, na 'yarsa a lamba biyu. Ya ce ba zai ba wa mai lalata wake lamba ɗaya ba ko da shi ya haife ta. Ya rubuta cikakken sunansa, da shekarunsa sittin da ɗaya, da sana'arsa.

Sauran mujallun mun raba su cikin kwana uku. Wasu na ba masu zuwa aski, wasu Tokiko ta haɗa wa masu sayen awara. Sharaɗin ɗaya ne, ka karanta, ka rubuta naka. Ban duba na kowa ba. Na dai san matar mai gidan wanka ta ce ita na gimbiyar nan ta fi so, kuma shi ta sa. Hoshino mai agogo ya dawo yana tambaya ko ina da babin farko.

Bayan mako uku, ranar Lahadi da rana, Genzo yana kan kujerata da kumfa a fuska, don maganar barin gashi ba ta kai ko'ina ba, sai ƙofa ta buɗe. Chizuru ce da jakar tafiya a kafaɗa, Tokiko na biye da ita tana danne dariya. Ta gaishe ni, "Kawu, sannu da aiki," sannan ta zaro katin daga littafin zanenta ta riƙe shi a gaban madubi yadda zai gani.

Genzo ya ce ta cikin kumfa shi ba zai janye ko kalma ɗaya ba.

"Baba, tun babi na biyu nake jiran wannan katin," ta ce. "Ka ɗauka ban san yadda ake zuba ruwan ɗaci ba? Na ce idan yana karantawa, kwana biyu ba za su yi ba zai kira ni yana faɗa. Shiru. Na sake a na biyar. Shiru. A na takwas na ba shi shafi guda, na ce ko daga ƙetaren titi zai hango."

"To da kika ji shiru ba sai ki tambaya ba?"

"Kai da ka ƙi karantawa ka faɗa?"

Tokiko ta ce ai ga inda saurayin labarin ya samo halinsa, gidan nan kowa tsaye yake a gada yana kallon ruwa. Na ce wa Genzo ya daina motsa haɓa, reza ce a hannuna.

Na gaya wa Chizuru abin da ke raina, don ba na ɓoyewa. Na ce ba daidai ba ne ta koya wa dubban mutane awarar banza don ta ja kunnen mutum ɗaya, kuma mai karatu ba ɗan aike ba ne tsakaninta da mahaifinta. Ta sunkuyar da kai ta ce ta karɓa. Ta kuma ce ta ga katunana duka, har na watan da ban sa ta ba, kuma wannan ya fi yi mata zafi don ta san ba na ƙarya.

Sannan ta faɗi abin da muke jira. Katunan sun ɗan ƙaru, amma ba su isa su cece ta su kaɗai ba. Sai dai editan ya karanta na Genzo a tsaye, ya zauna ya sake karantawa, ya zagaya da shi ofis yana nuna wa mutane. Ya tambaye ta ko ta san wannan tsohon. Da ta ce mahaifinta ne, sai ya ce to me yake yi a waje, a shigo da shi cikin labarin. Ya ba ta babi uku na gwaji maimakon biyun rufewa.

A fitowa ta gaba, a cikin labarin, mai shagon awarar ya dawo daga asibiti, wani gajeren tsoho da tawul a ka. A shafinsa na farko ya ɗanɗana awarar saurayin ya tofar, ya tambaya wa ya mutu aka dafa wannan. A na ƙarshe ya ƙwace muciya ya nuna masa ƙofa, ya ce kada ya dawo sai ya faɗa wa yarinyar abin da ke bakinsa. Na sa labarin a lamba ɗaya, kuma ba don sanayya ba. Wata biyu bayan haka labarin ya bar kusa da tallan maganin ƙiba ya dawo tsakiyar mujalla, aka ce ta ci gaba. Ba zan ce zai dawwama a can ba. Har yanzu akan yi tsayuwar gada fiye da yadda nake so, kuma na rubuta mata haka.

Yanzu duk ranar da mujallar ta fito Genzo yakan sayi guda ɗaya, ya kwance zaren tun a hanya, ya shigo shagona ko da layi ya karɓi alƙalamina mai siririn baki. Ƙorafinsa na wannan watan shi ne an yi wa tsohon hanci kamar dankali. Tokiko ta ce an ma rage.